Mai Ƙaho da Mai Almakashi

Na zo London a tsakiyar shekarun tamanin da niyyar yin shekara guda. Wata kwaleji a Bloomsbury ce ta ɗauke ni in riƙa taimaka wa ɗalibai da furucin Hausa, ni kuma in ƙarasa karatuna a gefe. Matata da 'ya'yanmu biyu na bar su a Zariya, a gidan mahaifina, domin ɗakin da na samu a Tottenham ko ni kaɗai sai na karkace nake wucewa tsakanin gado da tebur.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne mutum zai iya wuni yana Hausa amma bai yi hira da kowa ba. Daga safe zuwa la'asar ina cewa "ina kwana", ɗalibai suna amsa "lafiya lau", ina gyara musu ɗ da ƙ. In an tashi kowa ya kama gabansa. Ni kuma in gangara cikin tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, in tsaya a tsakiyar mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai kallon wani. Bayan wata uku na ji ba zan iya ci gaba da shiga ramin nan ba. Sai na sayi keke na hannu a wajen wani maƙwabci da zai tashi.

Keke ba baƙona ba ne. A kan keken mahaifina na koya, baƙi, mai nauyi, mai birkin ƙarfe irin na gida, wanda sanduna ke bi ta jikin keken su jawo roba ta kama gargare daga ciki. Wannan na London kuwa waya ce ke jan birkinsa, kuma bakin birkin kamar almakashi yake, hannaye biyu a kan noti ɗaya, suna rufe gargare ta gefe da gefe. Gargaren na ƙarfe ne, yana ƙyalli kamar madubi. Da rana ta fito birkin ba shi da laifi, har na riƙa yabonsa a zuciyata.

Ranar da aka fara ruwa sosai ina kan hanyar komawa gida. Akwai gangare daga Stamford Hill zuwa Tottenham, mai tsawo, kullum nakan saki feda in huta a kansa. Ran nan na hango bas ta tsaya a gabana, na matse birki. Keken bai ko rage gudu ba. Na ƙara matsewa har hannayen birkin suka taɓa robar kan keken, na ji ana wani sululu kawai a ƙarƙashina. Na sa ƙafafu biyu a ƙasa ina ja, na karkata hagu, na hau gefen titi, na faɗa cikin shingen wani gida. Ban karye ba. Gwiwata ta ƙuje, wandon da nake zuwa aiki da shi ya yage, takardun ɗalibai suka watse cikin ruwa. Wata mata da ke jiran bas ta tsince mini guda biyu, ta miƙo, ta ce in yi hankali, ta shige motarta.

Na tura keken da hannu. Kusa da tashar jirgi akwai wasu shaguna a ƙarƙashin gadar dogo, cikin bakunan gadar da aka toshe da katako. Na sha wucewa ban kula ba. Ɗaya daga ciki an rataye tsohon wili a ƙofarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina ɗiga, ina haɗa Turancin da zan yi bayani da shi, sai na ji wani daga ciki yana faɗa da noti:

"Kai, fita mana! Wane irin taurin kai ne wannan?"

Da Hausa. Na yi tsaye kamar an dasa ni. Sannan na yi sallama.

Mutumin ya ɗago. Gajere ne, kakkaura, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, da hular ulu har kunne da rigar aiki shuɗiya. Ya amsa sallamar, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi keken.

"Gangare nan ne ya kayar da kai?"

Na ce shi ne.

"Ba kai ne na farko ba. Shigo, ruwa yana dukanka."

Mutumin Kumasi ne ta ƙasar Gana, haihuwar zango. Kakansa fataken goro ne daga Kano, ya je bai komo ba. Shagon na wani tsohon Bature ne da ba ya zuwa sai jefi-jefi, shi kuwa ya fi shekara goma yana riƙe da shi. Kowa Masta yake ce masa, har Turawan, ni ma na bi sahu. Da ya ji aikina sai ya laƙaba mini Malam, bai sake kirana da wani abu ba.

Ya ɗaga keken ya rataye, ya juya wili, ya shafa gargaren da yatsa.

"Ba birki kaɗai ne ya ci amananka ba, Malam. Gargare nan ƙarfe ne. In ruwa ya taɓa shi, roba ba ya kama shi, sai ya zaga sau uku sau huɗu kafin ya bushe. Kafin nan ka riga ka shiga bas ta baya."

Ya ciro wasu robobin birki masu ɗan sirin fata a tsakiya, ya sa mini. Ya ce za su taimaka, amma kada in ba su amana duka. Ya haɗa shayi a wata butar lantarki da ta yi baƙi, ya ba ni a kofin da ya wanke da yatsu masu girisi. Yana aiki yana magana. Ya ce, "Matana ya ce in daina shan sukari." Na buɗe baki zan ce "matata ta ce", domin abin da nake yi ke nan tun safe, sai na kama kaina. Haka Hausarsu take, ba ruwanta da mace da namiji. Na sha shayin. Rabona da in ji Hausar da ba ta cikin littafi, wadda mai ita bai damu da ko daidai ce ba, tun ranar da na bar filin jirgin Kano.

Bayan mako biyu na koma don ya duba mini kaca. A ranar na lura da wasu kekuna uku a jingine can ciki, duk sun yi dumu-dumu da busasshiyar laka. Kansu lanƙwasasshe ne irin na masu tsere, amma tayoyinsu masu ƙurji. Birkinsu kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Babu almakashi a sama. A kowace ƙafar keken akwai wani ɗan hannu da ya fito waje, ɗaya dama ɗaya hagu, wata 'yar waya ta haɗa su daga sama kamar rufin bukka.

"Wannan fa?"

"Turawa suna ce masa cantilever. Ni mai ƙaho nake ce masa. Naka kuma mai almakashi." Ya goge hannu. "Lahadi kana da aiki?"

Ba ni da komai ranar Lahadi sai wanki da rubuta wasiƙa.

Ya ɗauke ni a tsohuwar motar shagon, kekuna a baya da bokitai da burushi. Muka je wani fili bayan Hackney, kusa da kogi. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, an kwana ana ruwa. An kewaye filin da igiya, hanya ta bi ta cikin ciyawa, ta hau tudu, ta gangara cikin wani kwari da ya zama taɓo zalla. Manya-manyan mutane, wasu da furfura, cikin gajerun wanduna. Aka busa usur suka zabura. In sun iso inda keke ba zai bi ba sai su diro, su saɓa shi a kafaɗa, su ruga da gudu, su sake ɗarewa. Cyclocross suke kiran wasan. Na ce wa Masta a garinmu in aka ga dattijo ya ɗauki keke a kafaɗa yana gudu cikin taɓo, addu'a za a yi masa. Ya yi dariya har da tari.

Aikinsa shi ne ya tsaya a gefe da keke mai tsabta. In mutuminsa ya zagayo, ya jefar da mai laka, ya karɓi wankakke, shi kuma Masta ya hau wanki kafin a sake zagayowa. Ya miƙa mini bokiti, na zama mai ɗebo ruwa.

Can ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Dubi mai jan riga nan. Sabo ne. Da keken titi ya zo."

Na duba. Birkinsa irin nawa ne. A zagaye na biyu laka da ciyawa suka cushe tsakanin almakashin da taya, suka dunƙule, wilin ya ƙi juyawa. Mutumin ya sauka, ya nemo tsinke yana tsokala, sauran suna wuce shi. Ya hau, bai yi nisa ba ya sake tsayawa. Masta ya ɗaga keken da ke hannunsa ya nuna mini ƙarƙashin ƙahonin. Fili ne fetal, hannuna ma zai shige. Lakar tana bi ta wuce abinta.

A hanyar komawa muka yi gardama, irin wadda na daɗe ban yi ba. Na ce to ai ni ba cikin taɓo nake zuwa aiki ba, a kan kwalta nake. Mai almakashi ba ya fitowa waje ya kama wando, noti ɗaya ne, ko ni zan iya daidaita shi. Ya ce gaskiya ne, a titi mai kyau da siririyar taya mai almakashi ya fi daɗin hannu, kuma mai ƙaho sai mai hannu uku yake ɗaura shi cikin sauƙi.

"Amma kai titi mai kyau kake bi? Ramuka nawa ne daga nan zuwa makarantanku? Kana son taya mai kauri. Kana son madigadi, don kada ka shiga aji da laka a baya. Ina za su shiga a ƙarƙashin almakashi?"

Ban ba shi gaskiya ba a ranar. Na ajiye sauran gardamar don in samu abin komawa da shi.

Kafin sanyin ya wuce ya haɗa mini keke. Gangar jikin ta ɗaya daga cikin masu tseren ce, koriya, ta ɗan loɓa a sama, mai ita ya yar. Masta ya sa mata gargaren alminiyam, da taya mai kauri, da madigadi, da kariya don jakar littattafaina, da miƙaƙƙen kai, da mai ƙaho gaba da baya. Ranar farko da ruwa ya same ni a gangaren nan na matse birki tun daga sama. Keken ya tsaya. Sai dai ya tsaya da wata ƙara kamar ana yanka akuya, har mutanen da ke bakin titi suka waiwayo.

Na koma masa. Ya yage ɗan kwali daga kwalin shayi, ya sa a bayan robar birkin, ya matse, ya ɗaure, ya zare kwalin. Ya ce dole bakin robar ya riga gindinta taɓa gargare, in suka taɓa tare ne ake samun kuka. Ƙarar ta ɗauke.

Daga nan keken bai sake samun matsala ba, kuma wannan ya zame mini damuwa. Asabar ta zo ba ni da dalilin zuwa shagon. Na zauna a ɗaki, na ji maƙwabta suna jan ruwan banɗaki, na karanta wasiƙar matata karo na huɗu. Asabar ta biyu na ɗauki sifana na sauka ƙasa inda nake ajiye keken, na ɗan sassauta notin da ke riƙe da wayar birkin baya. Na tura shi zuwa ƙarƙashin gada na ce birki ya saki. Ya ɗaure. Muka sha shayi. Bayan mako biyu na karkatar da roba ɗaya. Bayan wasu biyun na koma kan notin.

A karo na huɗu ya daɗe yana kallon notin, sifana a hannunsa. Bai dube ni ba.

"Malam, ka bar noti nan ya huta. Bakinsa ya fara cinyewa. In shayi kake so, ka zo ka sha shayi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ya ɗaure notin, ya jawo mini kujerar da ba ta da baya, ya miƙo mini wani wili da burushi ya ce in wanke tunda na zo.

Shekara huɗu ina zuwa kusan kowace Asabar. Na koyi faci irin nasu, na koyi ɗaura waya, na koyi sa mai ƙaho ba tare da hannu na uku ba, da igiyar takalmi ake ɗaure shi. In azahar ta yi mu shimfiɗa kwalin keke a bayan shago mu yi salla, jirgi na wucewa a kanmu, ƙura na zubowa. Yakan tambaye ni Kano, wadda bai taɓa gani ba, ko har yanzu akwai unguwar da kakansa ke ambata. Ni bazazzagi ne, Kano sanin baƙo na yi mata, amma nakan faɗa masa abin da na sani, in na rasa in ƙara da na Zariya. Bai taɓa zuwa ɗakina ba, ni ma ban taɓa zuwa gidansa ba. Wani lokaci matarsa takan aiko da shinkafa da wake da shito, soyayyen yajinsu na Gana, a roba, mu ci a tsaye.

A farkon shekarun casa'in aikina ya zama na dindindin, na samu flat mai ɗaki biyu can wajen Wood Green, iyalina suka iso. Asabar ta zama ranar kasuwa, da kai yara karatun allo, da ziyarar gidajen 'yan Najeriya da ban san suna nan ba sai da mace ta zo. Na ce wa Masta zan riƙa leƙowa. Na leƙa sau biyu ko uku. Keken kuma, da yake ya koya mini komai, ni nake gyara abina a gida. Wata rana na biyo ta ƙarƙashin gadar, bayan an fi shekara, na tarar an cire wilin da ke rataye, an sa allon masu sayar da tayar mota. Na tambaya suka ce tsohon Baturen ya rasu, 'ya'yansa sun saki shagon. Ba su san wani Masta ba. Na tsaya jim kaɗan, na hau kekena na tafi, domin ana jirana da nama a gida.

Iyalina shekara uku suka yi. Mahaifiyar matata ta kwanta ciwo, yaran kuma sun fara amsa mana da Turanci, abin ya tsaya wa matata a rai. Muka yi shawara su koma, ni in biyo baya in na kammala abin da ya rage. Na raka su filin jirgi na dawo flat ɗin, na tarar da takalmin ƙaramar a bayan ƙofa, ƙafa ɗaya. Ɗakuna biyu sun fi ɗaki ɗaya shiru.

Sai a lokacin na nemi Masta. Ban ɓoye wa kaina dalilin ba. Na yi ta tambayar mutanen Gana bayan sallar Juma'a, har wani mai gadi a wani kanti ya ce ya san shi, yana Barking, amma ba shi da lafiya. Ya rubuta mini lambar gidan a bayan tikitin bas.

Na bi jirgin District line har can. Gida ne cikin jerin gidaje masu kama ɗaya. Matarsa ce ta buɗe, doguwa, da mayafi a kafaɗa. Ban taɓa ganinta ba, amma ina faɗin ko ni wane ne ta ce, "Malam na shayi! Shigo." Ta ce bayan an rufe shago ya yi aikin tura marasa lafiya a wani asibiti, a can ne ya faɗi. Ɓarin dama ne ya taɓu. Ƙafar ta dawo, bakin ma ya dawo, hannun ne ya ƙi.

Yana zaune kusa da taga, ya rame, hular ulun tana nan. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu. Ya amsa, ya tambayi iyali, na ce sun koma. Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini hannun dama ya ce in sa yatsuna biyu a ciki. Ya matse. Kamar jariri ne ya riƙe ni.

"Ka ji? Da wannan zan kama mai ƙaho?"

Kekensa na jingine a lungun shiga gida, ba ƙura ko ɗaya a jikinsa. Da matar tasa, Hajiya, ta rako ni ƙofa ta ce kullum da safe sai ya goge shi da hannun hagu. Likita ya ce zai iya hawa in a hankali ne, ya gwada sau ɗaya a bayan gida, ya kasa tsayawa, bai sake ba.

A makon na shiga wani babban shagon kekuna a hanyar aiki na yi wa mai shagon bayani. Ya kai ni wajen kekunan hawan dutse, ya nuna mini wani sabon birki da ya fara fitowa a lokacin, V-brake. A kan ƙusoshin mai ƙaho yake zama, amma hannayensa dogaye ne, a tsaye, waya ɗaya ta ratsa su ta sama. Ya ce in taɓa. Da yatsa ɗaya na ja, wilin ya ƙame. Ya gargaɗe ni cewa sai da nasa hannayen birkin yake aiki, in aka haɗa da tsofaffi ba zai yi daidai ba. Na saya duka, gaba da baya.

Masta ya juya kayan a cinyarsa, ya taɓe baki.

"Wannan ba shi da wuri. Dubi yadda roba ya matso gargare. Laka kaɗan zai cushe shi."

"Masta, wace laka za ka shiga a Barking?"

Hajiya ta yi dariya daga kicin. Shi bai yi ba, amma ya ce in fito da keken bayan gida.

Aka sa masa kujera a ƙofar kicin. Ni ne hannu, shi ne baki. Ya ce in cire ƙahonin a hankali, in sa su cikin gwangwani, kada in yar da ko washa ɗaya. Ya ce in shafa girisi a ƙusoshin. Da na zo ɗaura waya ya tsayar da ni. A Ingila hannun dama ne ke jan birkin gaba, kuma na gaba shi ne mai tsayar da keke. Ya ce in juya, in kai na gaba hagu inda yake da ƙarfi, in bar wa dama na baya. Wayar sama ta riƙa gugar madigadi, muka ɓata kusan awa guda a kan wannan kaɗai, yana cewa in sassauta, in danna, in ɗaure, ba haka ba, in sake. Sau biyu ya miƙo hannu zai karɓi sifana, sai ya tuna, ya mayar da hannun cinyarsa.

Bayan la'asar muka fita titi. Layin shiru, motoci a fake gefe da gefe. Na riƙe masa sirdi ya hau. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗa hannaye a ƙirji. Ya taka feda, keken ya yi tangaɗi, na bi shi da gudu kaɗan, sannan na saki. Ya tafi a hankali har ƙarshen layi inda akwai akwatin wasiƙa. A nan ya tsaya cak, har ya ɗan sunkuya gaba. Ya sauka, ya jingine keken, ya zauna a kan gajeriyar katangar wani gida.

Na iske shi yana haki. Na zauna kusa da shi.

"Yana kamawa," ya ce. "Ya ma yi yawa. Mutum in bai sani ba zai wuntsila."

Wata mota ta wuce.

"Malam, ina ka shiga?"

Na san ba yau yake nufi ba. Na so in ce aiki, in ce yara, in ce nisa. Na ce, "Na samu mutane ne, Masta, sai na manta da kai. Da suka tafi na tuna."

Ya dubi takalminsa.

"Lokacin da za a rufe shago na ajiye maka sifana nan da kake so. Wata biyu yana aljihuna." Ya numfasa. "Na ba wani."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, ya ce in taimaka masa ya tashi. Shi ya tuƙa keken ya koma gida, ni ina biye a ƙasa.

Na riƙa zuwa Barking bayan nan, ba kowane mako ba, amma ina zuwa. Hirar ba ta koma kamar ta ƙarƙashin gada ba. Yana saurin gajiya, kuma babu aikin da za mu sa a gaba mu yi magana ta gefensa. Yakan hau keken zuwa masallaci da kantin jarida. Bai taɓa cewa sabon birkin ya fi mai ƙaho ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne, na tsofaffi ne da masu ciwo.

Da sanyi ya sake zagayowa suka yanke shawarar komawa Kumasi, inda babban ɗansu ya gina musu ɗaki biyu. Na je na taya su ɗaure kaya. Ni na kwance keken, na naɗe shi da tsofaffin barguna, aka sa a cikin kayan da za su bi jirgin ruwa. Gwangwanin ƙahonin ma ya ce a sa.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo, da rubutun Hajiya. Sun isa lafiya, keke ya iso lafiya, yana gaishe ni. Ya ce robar birkin ta fara cinyewa saboda ƙasar can, kuma an zaga kasuwa ba a samu irinta ba, dogaye ne, in aiko. Na saya na aika. Amsa ta zo da godiya da hoton su biyu a ƙofar gida. Bayan shekara na sake aikawa ba tare da an tambaya ba, aka amsa da 'yan layuka. Na uku da na aika ba a amsa ba. Na rubuta wasiƙa, ita ma shiru.

Na tambayi mutanen Gana a masallaci. Mai gadin nan ya ce ya ji an ce ya rasu da azumi. Wani kuma ya ce a'a, ɗansa ne ya ɗauke su zuwa Tamale, ya gan shi da idonsa, ko da yake da na matsa masa sai ya ce wataƙila wani Mastan ne. Na yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci, na kuma yi masa wadda ake yi wa mai rai. Na ƙara shekara biyu a London kafin na tattara na koma Zariya, kuma har na taso ba wanda ya zo mini da labarin da ya fi wannan.